Neman Shawara Kan Abin Bautar Da Nake Ƙirƙira A Labarina

Assalamu alaikum, 'yan'uwa marubuta. Daga Jos nake, kuma wata uku ke nan alƙalamina ya cije. Ina rubuta ƙagaggen labarin wasu mazauna duwatsu, na ɗauko kamanninsu daga gumakan yumɓun Nok da ke gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952. Duk siffar da na ba abin bautarsu sai ta koma ta Tsumburbura ko iskokin bori, alhali ba na son taɓa al'adar da take da masu ita. Daga ina ake farawa, daga abin da suke tsoro, kamar fari da aradu, ko daga tsafinsu? Yaya kuma zan kwatanta bautar ba tare da an zaci shirka nake tallatawa ba? Don Allah ku taimaka mini.