Na'urar hango kifi kai-tsaye: a saya ko a haƙura?

Ɗan Tiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina tara kuɗin LiveScope ɗin nan, na'urar hango kifi ta kamfanin Garmin, don ɗan jirgina. Asabar kaɗai nake fita tafkin Fork da ke Texas. Ku da kuka taɓa riƙe irinta, ta ci kuɗinta?

Kawun Dallas: Wa alaikumus salam. In Asabar ce kawai, riƙe kuɗinka ɗana.

Mai Fatsa: Ni na saya, ta wani kamfani daban, kuma na ɗanɗana kuɗata. Farashin da kake gani na kan da ake nutsawa a ruwa ne, allo kuɗinsa daban. Kana haɗawa za ka tarar tana shan wuta, batirin jirgi ba ya kai ka la'asar, dole ka nemo mata na lithium nata na kanta. A jikin ƙaramin injin gaba aka ɗaura min ita. Da na sa injin ya tsayar da jirgi wuri guda, iska na kaɗawa yana juyawa, hoton ma yana juyawa da shi, kifin da nake bi ya ɓace. Sai da na ƙara sayen sanda ta musamman. Abin da ya fi ci min rai shi ne yarona. Da can hira muke yi a kan ruwa, yanzu wuyana na sunkuye kan allo tun safe, shi kuma yana tambayar yaushe za mu koma gida. Za ka ga kifi ya taso ya shinshina koto ya juya, kana kallo, ba abin da za ka iya yi masa.

Bazazzagiya: Ai ganin nan shi ne amfanin, yaya. Da ka ga ya juya sai ka canza koto nan take, ba sai ka wuni kana hasashe ba. Kuma da sauti take aiki, ko ruwa ya yi jawur tana nuna maka.

Ɗan Kabi: Wannan ba su ba ne, farauta ce da tocila. A Argungu gora da homa kawai ake shiga da su, a fito da giwan ruwa.

Bazazzagiya: To ka shiga Fork da gora mu gani.

Ɗan Kabi: Ba ni kaɗai na faɗa ba Hajiya. Gasar kamun kifi ta NPFL a Amurka ta hana ta baki ɗaya daga 2025, gasar Bassmaster kuma a shekarar ta taƙaita ta zuwa kan na'ura ɗaya a jirgi.

Malamin Minnesota: Dokar gasa ce wannan, ba ta hau kanmu ba. Ni damuwata kifin da ake kira crappie. Da sanyi sukan taru a zurfi, na'urar ta tona asirinsu. Wanda aka ciro daga ƙafa 30 ko fiye, jakar iskar cikinsa kan kumbura, ko ka sake shi da wuya ya rayu. Don Allah wanda ya kama na ci ya ishe shi, ya ɗaga daga wurin.

Kawun Dallas: Tun 2018 ake wannan gardamar. Wa ke da ragowar tarwaɗa busasshiya? Gwaggonku na nema.

Ɗan Kabi: Akwai Kawu, zan kawo masallaci Juma'a.

Ɗan Tiga: Mai Fatsa, taka tana nan? Ko za mu fita tare wannan Asabar in gani da idona?

Mai Fatsa: Tana nan. Ka zo da man jirgi.