Na kwana a otal a Legas na tashi da cizo a jere, ko kuɗin cizo ne?

Mai Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya na dawo daga Legas, na je saro kaya a kasuwar Balogun, na kwana biyu a wani otal. Ɗakin tsaf, zanin gado fari sol, ga sanyin AC, ko sauro ɗaya ban ji ba. Amma da asuba na ga tabo huɗu ja a jere a damtsena, wasu uku a wuya, ƙaiƙayi kamar in cire fatar. Akwatina na nan a zaure, na hana yara shigo da shi. Ga shi wata mai zuwa zan tafi Umara. Don Allah ta yaya ake gane shi, kuma me zan yi da kayan nan?

Direban Arewa:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin yi dabara da kika bar akwatin a waje. Cizo a jere a inda riga ba ta rufe ba, ya yi kama da aikinsa, mu a wajenmu gazunzumi muke ce masa. Shekarata goma sha biyar ina kwanan masauki, ga yadda nake yi. Ina shiga ɗaki, jakata banɗaki take wucewa, kan tayil, ba na ɗora ta a gado ko kujera. Sai in kunna fitilar waya, in yaye zanin gado, in bi ɗinkin katifa da yatsa, musamman ta wajen kai. Sannan in leƙa bayan allon gado, nan ne babbar maɓoyarsa. Abin da nake nema: ɗigo-ɗigon baƙi kamar an tsiyaye tawadar biro, wato kashinsa, da ɓawon da yake saɓulewa, da ƙwai fari wanda bai kai ƙwayar gero ba. Shi kansa bai wuce ƙwayar alkama ba, a baje yake, ja-ja mai duhu, in ya sha jini sai ya kumbura. Ba ya tashi, ba ya tsalle, rarrafe kawai yake. In na ga ko ɗaya, sai in ce a canza min ɗaki, kuma ba na maƙwabtaka ba, don ta bango da ramin soket yake ƙetarawa. Minti biyar ne aikin.

Uwar Gida:
Ƙanwata, ni a gida na sha wahalarsa, 'yata ce ta kwaso shi a katifar makarantar kwana. Wata uku muna fama, har sai da na ƙona katifa biyu. Ki buɗe akwatin nan a tsakar gida, kada ki kai shi ɗaki. Duk abin da ke wankuwa ki zuba masa ruwan zafi sosai, ki shanya, ki bi da dutsen guga har cikin ɗinki. Atamfofin sayarwa ki warware su ɗaya-ɗaya ki duba, ki goge. Akwatin kuma ki bi zif da aljihunansa da buroshi, ki ƙulle shi a baƙar leda ki bar shi a rana kwana da kwanaki. Kada ki ce ki ajiye shi a sito yunwa ta kashe su, suna yin watanni ba su sha jini ba. Kuma don girman Allah kada ki fesa ota-piya-piya a ɗakin da yara za su kwana.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙari kaɗan, Hajiya. Tabon kaɗai ba ya tabbatarwa, sai an ga ƙwaron ko alamarsa. Wani sai bayan kwanaki cizon ke fitowa, wani ma ba ya nunawa sam. Ba a san shi da yaɗa cuta kamar sauro ba, susa ce ke jawo gyambo. Ki wanke da sabulu, ki shafa kalamin. In wurin ya fara ruwa ko ya kumbura sosai, ki je asibiti. Kuma tsadar otal ba ta hana shi, zafi 60 a ma'aunin Celsius ne ke kashe shi har da ƙwansa. A 2023 birnin Paris na Faransa ma ya sha fama da shi.

Mai Atamfa:
Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na buɗe akwatin a tsakar gida, na ga guda ɗaya a ɗinkin aljihun ciki, na murƙushe shi sai jini. Ruwa na kan wuta.