Wahalar aiki ce ke kashe tsofaffin mazan Jafan kafin matansu?

Malam Sani: Jama'a na ga lissafin ma'aikatar lafiya ta Jafan na 2023, mata suna kai shekara 87 a matsakaici, maza 81. Ni dai a ganina wahalar nema ce, mutum ya yi shekara arba'in yana kwana ofis, kafin ritaya jiki ya riga ya gaji.

Hajiya Binta: A'a Malam, ban yarda ba gaskiya. Matan ƙauyensu da suka yi noman shinkafa ga raino ga jinyar surukai fa, hutu suka yi? Taba ce. A 1966 maza sama da kashi 80 cikin ɗari na shan sigari a ƙasar, mata ko kashi 20 ba su kai ba, kuma samarin wancan lokacin su ne tsofaffin da kansar huhu da ciwon zuciya suke ɗauka, ga giya kuma bayan an tashi aiki.

Usman: Anti ni kuma halitta nake gani, kusan duk duniya mata sun fi daɗewa. Cikin masu shekara 100 zuwa sama a Jafan kashi 88 mata ne. Kane Tanaka ta kai 119, Jiroemon Kimura da ya fi kowane namiji daɗewa 116 ya tsaya.

Hajiya Binta: Akwai halitta, ban musa ba. Amma duba lardin Okinawa a kudancin Jafan, a 2000 mazansu suka faɗo na 26 a jerin tsawon rai cikin larduna 47, matansu suna nan na ɗaya. Lardi ɗaya ne, abincin mai maiƙo da ƙiba ne suka fi kama mazan.

Malam Sani: To Hajiya kaɗaicin fa? Yawancin tsofaffin da ake tsintar gawarsu a ɗaki su kaɗai maza ne, don duk abokansa na ofis ne, ranar da ya ajiye aiki ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan ai aikin ne ya jawo.

Zainab: Baba Sani wannan kam gaskiya ne. Ni abin da ke damuna shi ne lissafin 2019, shekarun da ake yi cikin ƙoshin lafiya maza 72 mata 75, ke nan mace tana shafe wajen shekara 12 cikin jinya ko rauni, sau da yawa mijin ya rasu ita kaɗai. Wa ke kula da ita?

Malam Sani: Tambayarki ta fi tawa nauyi 'yata, amma batun aiki ban janye ba.