Gida huɗu, tukunya ɗaya: akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan zama a Damagaram?

Malamin Lissafi:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, ina haya a Sabon Gari tare da maiɗakina da 'ya'ya uku. Shekara biyu ke nan mu gida huɗu muke haɗuwa kowace Laraba da dare domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma tun ranar da muka karanta Ayyukan Manzanni sura 2 da ta 4, inda aka nuna cewa masu bi na farko komai nasu ɗaya ne har ba a samun matalauci a cikinsu, hankalina ya ƙi kwanciya. Da ƙarfe tara muke watsewa, kowa ya koma ya yi ta fama shi kaɗai da kuɗin haya da na 'yan ga-ruwa. A watan jiya sai da ɗan ɗayanmu ya kwana uku a asibiti kafin labari ya iso mana, abin da ya ba ni kunya ƙwarai.

Shawarar da muke juyawa ita ce mu haɗa kuɗi mu sayi fili a kan hanyar Mirya, mu gina ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, mu riƙa addu'ar safe da ta yamma tare, girki ɗaya, albashi kuma a zuba shi a asusu ɗaya. Shin akwai wanda ya san yadda ake kafa irin wannan zama har ya ɗore?

Dattijon Mirya:

Malam, sannunka da wannan niyya. Abin da kake kwatantawa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin a gandu na tashi: mahaifinmu da ƙannensa uku suna noma gona ɗaya, hatsi yana shiga rumbu ɗaya, maigida ne yake fitar da awo, shi ne kuma yake biyan haraji da sadakin samari. Amma ka lura da hikimar magabata, ko a cikin gandu sai da suka bar wa kowa gayaunarsa, wadda yake nomawa a ranakun da aka ware masa, amfaninta kuma nasa ne. Gandun gidanmu bai watse saboda yunwa ba. Ya watse ne a shekarar da ƙanen babanmu ya fara zuwa ci-rani Kano, ya dawo da kuɗin da ba daga gonar suka fito ba, aka rasa wanda zai yanke hukunci a kansu.

Ku kuma albashinku ba ɗaya ba ne, kuma kowane ɗayanku yana da tsohuwa ko ƙane a ƙauye da yake aika wa jaka biyar ko goma a ƙarshen wata. Daga asusun za a riƙa fitar da wannan, ko kuwa sai mutum ya nemi izini kafin ya taimaki uwar da ta haife shi? A ƙasashen waje akwai ƙungiyoyin Kirista da suka riƙe asusu ɗaya da gaske: 'yan Hutar tun 1528, da jama'ar Bruderhof da aka kafa a Jamus a 1920, waɗanda 'yan Nazi suka kora a 1937, suka bi ta Ingila da Faragwai kafin su zauna a Amurka. Sai dai su suna da manyan gonaki da masana'antu na kansu, ba albashin gwamnati suke jira ba. Ka kuma sake duba Ayyukan Manzanni sura 5, za ka ga Bitrus ya gaya wa Hananiya, wanda ya sayar da fili ya ɓoye wani kashi na kuɗin, cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar. Ƙaryar da ya yi ce laifinsa, ba a tilasta wa kowa ba.

Maman Rahila:

Malam, ina da tambaya ɗaya, kuma ba don in kashe maka gwiwa ba: matan gidajen nan huɗu sun zauna su kaɗai sun tattauna wannan magana, ko kuwa a bakin mazajensu suka ji ta? Tukunya ɗaya tana da daɗin faɗa, amma wanda zai tashi da asuba ya hura wuta domin mutum ashirin shi ya san nauyinta. Na yi shekara shida a gidan haya mu iyali biyar, dukanmu 'yan ikilisiya ɗaya, kuma ban taɓa ganin an yi saɓani a kan koyarwa ba. Duk rigimarmu a bakin famfo take. A watan Afrilu, idan ruwa ya zo da ƙarfe biyu na dare, za ka ga jarkoki a jere, kowace mace tana ƙirga na maƙwabciyarta da ido, sa'an nan gari ya waye mu tsaya a ƙungiyar mawaƙa kafaɗa da kafaɗa kowa da abin da ke ransa. Ko a Urushalima, sura 6 ta nuna cewa a kan rabon abincin gwauraye aka fara gunaguni, har sai da aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas, domin su riƙe aikin. Kafin ku auna fili, ku auna nisan ruwa da nisan makarantar yara, ku kuma rubuta wanda zai yi girki ranar da mace ta haihu ko ta kwanta ciwo.

Katikis daga Birni:

Ɗan'uwa, ni Katolika ne, kuma a wurinmu zaman tarayya tsohon abu ne. Ƙa'idar da Waliyyi Benedik ya rubuta wa masu zaman zuhudu a Italiya a ƙarni na 6 ta hana a karɓi mai neman shiga da gaggawa: sai ya yi shekara guda ana gwada shi, a karanta masa ƙa'idar sau uku, kuma yana da 'yancin tafiya kafin ya ɗauki alkawari. Su ma da ba su da mata da 'ya'ya ke nan. Saboda haka ina ganin ku fara da rumbun tsimi ɗaya da cin abinci tare sau biyu a mako har damina ta zagayo. Idan kun kai ga sayen fili, kada ku rubuta shi da sunan mutum ɗaya komai amincinsa, domin ranar da ya rasu magadansa ba su san alkawarinku ba. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku bi ta hukumar kula da filaye, ku kuma rubuta abin da wanda ya fita zai tafi da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da kuka zaɓa. Ranar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan, maƙwabcina Musulmi, wanda muka yi shekaru muna zuwa sunan juna da jana'izar juna, shi ya shigar da iyalina ɗakin matarsa ya zauna a ƙofar gida har dare. Tun 1924 da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Damagaram, Kiristoci a tsakiyar jama'a suke zaune. Ka tambayi zuciyarka tsakani da Allah ko ƙaunar 'yan'uwa ce take jan ka zuwa bayan gari, ko kuwa akwai sauran tsoron waccan rana a ciki.

Malamin Lissafi:

Na gode, iyayena. Baba Katikis, gaskiya akwai tsoron a ciki, ban taɓa furta shi ba ne kawai. Mama, na karanta wa maiɗakina amsarki, ta yi shiru, daga baya ta ce tun farko ba wanda ya tambaye ta, kuma ita ba ta son nisa da mahaifiyarta da ke Garin Malam. Mun dakatar da maganar fili. Ranar Laraba matan za su zauna su kaɗai a gidanmu, mu maza kuma za mu lissafa tiya nawa ta hatsi kowane gida zai iya zubawa bayan girbi. Baba na Mirya, a gandunku wa yake riƙe mabuɗin rumbu idan maigida ya yi tafiya?