Ɗalibaina sun haddace dokar Boyle da ta Charles, amma lissafin ya ƙi zama

Assalamu alaikum malamai, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shawara nake nema. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata, ajin SS1, yara 68 a ɗaki ɗaya. Mako biyu na yi a kan dokokin iskar gas. In na ce a kawo dokar Boyle, baki ɗaya suke rera ta kamar karatun allo, har da P1V1 = P2V2 (P matsi, V gurbin da iska ta cika). Ranar Alhamis na yi musu gwaji, da na zauna duba takardun da daddare sai jikina ya yi sanyi.

Tambayar ita ce: iska ta cika gurbin 200 cm³ a zafin 27°C, aka ɗumama ta zuwa 54°C, matsi bai canza ba, nawa gurbin zai koma? Fiye da rabin ajin 400 suka rubuta. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta biyo ni har ofishin malamai da takardarta a hannu, ta ce, "Malama, ai zafin ninkawa ya yi." Na ce ta manta ba ta ƙara 273 ba. Ta ce, "To me ya sa ake ƙarawa?" Na ce mata haka ƙa'idar take. Wannan amsar tawa ce ta hana ni barci, don na san ban ba ta komai ba. Ɗakin gwajinmu kuwa ba abin da ke ciki sai bencina da ƙura. Don Allah ta ina zan ɓullo wa abin?

Wani malami mai ritaya daga Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki riƙe yarinyar nan da kyau, tambayarta ita ce darasin gaba ɗaya. Ga yadda nake yi musu. Mutum yana da naira 273 a asusu, da naira 27 a hannu. Aka ƙara masa 27. Kuɗin hannunsa sun ninka, amma dukiyarsa daga 300 ta koma 327 ne kawai. Haka zafi yake. Sifilin ma'aunin Salshiyos wurin da ruwa ke daskarewa ne, ba wurin da zafi ya ƙare ba, ƙwayoyin iska na nan suna ta kai-kawo a wannan sanyin. Ainihin sifilin yana can ƙasa, a −273°C, daga nan ma'aunin Kelvin ya fara ƙirga. Sai su yi 200 sau 327 a raba da 300, su ga 218. Bayan haka ki zana musu layin gurbi da zafi a allo, ki ja shi baya da ɗigo-ɗigo har ya taɓa ƙasa, su gani da idonsu inda ya sauka. Kada ki goge allon sai kowa ta kwafa.

Wata malamar kemistiri daga Katsina:
Ƙanwata, kada rashin ɗakin gwaji ya karya miki gwiwa. Je kemis ki sayo sirinji sababbi masu cin 20 ml kamar guda goma, ki cire alluran ki bar su a gida. Raba yaran bakwai-bakwai. Kowace ta ja iska zuwa 20, ta toshe bakin da babban yatsa, ta danna. Zuwa 15 da sauƙi, kafin ta kai 10 za ki ga ta cije leɓe. A nan za ki ce musu gurbi ya koma rabi, matsi ya ninka, abin da Robert Boyle ya wallafa ke nan tun 1662. In ta saki, sandar ta dawo da kanta. Ki tambaye su wa ya turo ta, ki yi shiru ki bar su su yi gardama. Na Charles kuma, ki ɗaura balan-balan a bakin kwalbar lemo, ki tsoma ta a ruwan ɗumi, sannan a ruwan ƙanƙara. Kada ruwan ya zama tafasasshe, kwalba na iya tsagewa.

Wani ɗan bautar ƙasa:
Ni misalin taya nake ba su a dokar Charles. Kowa ya san yadda tayoyi ke fashewa a kan kwalta cikin zafin Afrilu.

Malamin Zariya:
Ɗana, misalin yana da kyau amma ka ajiye shi ba a muhallinsa ba. Taya ba ta wani buɗewa, gurbinta kusan yana nan yadda yake, matsin ne ke hawa. Wannan dokar matsi ce, wadda littattafai da yawa ke jingina wa Gay-Lussac. A ta Charles matsi ne ke tsaye, gurbi ke motsi. In ka gauraya su yanzu, a gauraye za su kai su WAEC.

Ɗan bautar ƙasa:
Na gode Baba, gobe da safe zan gyara musu.

Wani malami daga Gusau:
Ni dai ra'ayina daban ne kaɗan. Sirinji ba zai shiga ɗakin jarrabawa da su ba. Ki ba su haɗaɗɗen lissafi ɗaya, P1V1/T1 = P2V2/T2 (T shi ne zafi a ma'aunin Kelvin), abin da bai canza ba su soke shi. Kafin su taɓa kalkuleta su jera abin da aka ba su a gefe, su mayar da zafi Kelvin tun a layin farko. Su kuma riƙe alƙaluman daidaitaccen yanayi, wato zafin 273 K da matsin 760 mmHg da gurbin 22.4 dm³ na mol ɗaya na iska, kamar sunayensu. Maki da yawa a nan yake zubewa.

Malamar Katsina:
Malam, ban ƙi taka ba, amma sai a mako na biyu. Wadda ta danna sirinji da hannunta, in lissafi ya ba ta gurbi ya ƙaru alhali matsi ya hau, da kanta za ta ce akwai kuskure. Wadda ta haddace kawai za ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar ta miƙa. Wani abu kuma ƙanwata, in kina yi musu bayani da Hausa ki kula da kalmar zafi, don da ita muke kiran wutar da aka sa wa abu, da ita kuma muke kiran abin da ma'auni ya nuna. Ni "awon zafi" nake cewa in T nake nufi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Yau na shiga da sirinji takwas, su na samu. Ajin ya kaure da hayaniya har mataimakin shugaban makaranta ya leƙo ta taga, ya tsaya, daga baya shi ma ya karɓi ɗaya ya danna. Misalin asusu kuma, ban gama ba yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce 218. Sai dai ta sake ƙulla ni: wai in an kai −273°C, iskar ɓacewa za ta yi tunda layin ya taɓa sifili? Na ce mata kafin a kai can iskar ta riga ta zama ruwa ko ta daskare, dokar kuma iska take magana a kai. Baba, na faɗa daidai, ko akwai abin da zan ƙara mata ranar Litinin?