Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata

Malamin Firamare, unguwar Pantami, Gombe: Assalamu alaikum 'yan uwa. Albashina naira 85,000, ga iyali da yara uku. Kafin 20 ga wata aljihu ya bushe, sai cin bashin mai shago. Yaya kuke yi ne?

Hajiya Mai Ɗinki: Malam, awon kullum ne ke cinye ka. Albashi na shigowa ka nufi kasuwar Tudun Hatsi, ka auno masara da wake na wata guda. Kuɗin cefane kuma ka riƙa ba uwargida mako-mako, ta fi ka iya tattali.

Ɗan Jekadafari: Yaya, lissafa kuɗin data da na keke tukuna, za ka sha mamaki. Ankon biki kuwa ba farilla ba ne.

Baba Tela: Shiga adashi, ɗana, ko zubin dubu 5 ne. Amma uwar adashin ta zama wadda ka san gidanta.