Haɗa aji biyu a Dungeons & Dragons: inda yake biya da inda yake karya jarumi

Maisulke:
Salamu alaikum 'yan tebur. Duk wanda jaruminsa ya kai mataki na 3 ko na 4 a Dungeons & Dragons bugu na biyar (wasan tebur da kowa ke jan jarumi guda a cikin labari, ana jefa 'yan lido) sai ya fara leƙen ajin maƙwabcinsa (aji shi ne sana'ar jarumi, kamar Mayaƙi ko Wizad mai sihiri): in zauna a nawa, ko in tsoma ƙafa a wani? Ina so waɗanda suka daɗe a harkar su zubo abin da ke faruwa a kan tebur idan an haɗa aji, da lissafinsa. Don Allah kowa ya faɗi ko da littafin 2014 yake magana ko da na 2024, saboda dokokin sun sha bamban.

Baban Lido:
Wa alaikumus salam. Da littafin 2014 zan yi magana. A can haɗa aji doka ce ta zaɓi, sai mai jan wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci a tebur, ya amince, don haka a tambaye shi kafin a ɓata takarda.

Sai sharaɗin shiga: 13 a babbar baiwar ajin da za ka shiga (baiwa shida ce jarumi ke da su: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini), da kuma 13 a ta ajin da kake ciki. Wannan na biyun ake mantawa. Wizad na buƙatar basira, Kilerik da Durwid hikima, Sosara da Wolok da Bad kwarjini, Rog zafin nama, Barbariyan ƙarfi. Mayaƙi ne mai sauƙin kai, ƙarfi ko zafin nama, ko wanne. Uku ne masu tsada: Faladin na son ƙarfi da kwarjini, Monk da Renja kuwa zafin nama da hikima.

In da tsarin sayen maki 27 kuke gina jarumi, 13 na cin maki 5, 14 na cin 7, 15 na cin 9. Wanda ya nace sai ya haɗa Monk da Faladin zai zuba maki 20 a baiwa huɗu don kawai a buɗe masa ƙofa, saura 7 ya sayi juriya 14, ya tashi ba shi da 15 ko ɗaya. Ko'ina yana da ɗan abu, babu inda yake da ƙarfi.

Uwar Tebur:
Malam Baban Lido ya faɗi kuɗin shiga. Ni kuma kuɗin da ake biya a ɓoye zan faɗa: mataki na 5. A nan ne kowane aji ke canja kama. Mayaƙi da Faladin da Barbariyan da Renja da Monk suna samun sara na biyu a juyi ɗaya, ɓarnarsu ta kusa ninkawa. Wizad da Sosara suna buɗe sihirin daraja ta 3, inda Fireball yake da 8d6 ɗinsa, wato 'yan lido takwas masu fuska shida. Kilerik na samun Spirit Guardians. Dodannin da mai jan wasa zai fito da su daga nan an auna su ne da tunanin kuna da waɗannan.

To wanda ya yi Mayaƙi 3, Rog 2, jimillarsa 5 ce amma sara ɗaya yake yi. Abokin zamansa da bai motsa ba yana yin biyu. Ba zai kamo shi ba sai a jimillar 7. Ku kuma duba tsawon labarin da kuke bugawa: Lost Mine of Phandelver daga 1 zuwa 5 yake, Curse of Strahd daga 1 zuwa 10. Ginin da sai a mataki na 12 zai fara aiki, labari zai ƙare bai taɓa ganin ranarsa ba.

Haka ƙarin baiwa. Matakin aji yake bi, ba jimilla ba: 4, 8, 12, 16, 19. Mai 3 da 3 yana jimillar 6 bai samu ko ɗaya ba, alhali Mayaƙi zalla a 6 ya karɓi biyu, domin shi yana da ƙari a 6 da 14. Shawarata kullum, a kai aji na farko 5, sannan a waiwaya.

Ɗan Kwarjini:
Hajiya, na yarda amma akwai togaciya. Abubuwa biyu jimilla suke bi. Na farko makin ƙwarewa, wanda ake ƙarawa a jifan duk abin da ka ƙware a kai: +2 har zuwa 4, +3 daga 5, +4 daga 9, +5 daga 13, +6 daga 17. Na biyu ƙananan sihirin da ba sa cin gurbi (gurbi shi ne rabon da ake kashewa duk lokacin da aka jefa babban sihiri), su ma suna girma a jimillar 5, 11 da 17. Shi ya sa ake yawan yin tsomin Wolok 2. Eldritch Blast, ƙaramin sihirin Wolok, na harba kibiya biyu a jimillar 5 ko da matakai biyu kacal gare ka a Wolok, kowace 1d10, kuma Agonizing Blast na ɗora makin kwarjininka a kan kowace.

Wolok 2, Sosara 3, kwarjini +3: ka kashe makin sihirin Sosara 2 ka gaggauta Eldritch Blast ya zama ƙaramin aiki (ɗan aikin ƙari guda ɗaya a kowane juyi), ka sake harbawa da babban aikinka. Kibiya huɗu, in duk sun samu, matsakaici 34. Amma a lura, Sosara 3 makin sihiri uku gare shi, sau ɗaya za ka yi wannan. Mayar da gurbi ya koma maki shi ma ƙaramin aiki yake ci, ba za ka yi su biyun a juyi ɗaya ba. Kuma Fireball sai jimillar 7.

Uwar Tebur:
To ai ka dawo kan maganata da bakinka, ƙanena. Sai jimillar 7.

Malam Alƙalami:
Bari in warware lissafin gurbi, nan aka fi yin rigima. Ana tara matakan Bad, Kilerik, Durwid, Sosara da Wizad cif. Faladin da Renja rabi, a zubar da ɓurɓushi. Mayaƙi mai sihiri da Rog mai sihiri kashi ɗaya cikin uku, su ma a zubar. Abin da ya fito shi za ka duba a jadawalin gurabe. Wolok ba ya shiga wannan tukunya, gurabensa daban suke, suna dawowa bayan gajeren hutu na awa ɗaya, sai dai kana iya jefa sihirin ɗayan ajin da su.

Kuskuren shi ne a ɗauka gurbi na nufin sanin sihiri. A'a. Abin da ka sani ko ka shirya, kowane aji ana lissafa shi kamar shi kaɗai gare ka. Faladin 6, Sosara 4: uku da huɗu bakwai, gurabenka huɗu na daraja ta 1, uku na ta 2, uku na ta 3, ɗaya na ta 4. Amma ba ka san sihiri ko ɗaya da ya wuce daraja ta 2 ba. Ga Kilerik 3, Wizad 3 wannan asara ce tsagwaronta, yana riƙe da gurbin daraja ta 3 ba Fireball ba Spirit Guardians. Ga Faladin kuwa riba ce, don Divine Smite, wato ƙarin ɓarnar da Faladin ke ɗorawa a kan sara, gurbi kawai yake so: 2d8 a daraja ta 1, ƙarin 1d8 kowace daraja, iyaka 5d8, da ƙarin 1d8 in shaiɗani ko gawa mai tafiya aka sara. Gurbin daraja ta 4 ɗin nan ya kai ka iyaka. Faladin zalla sai mataki na 13 yake ganin irinsa.

Me ya sa 6 ba 2 ba? Aura of Protection. A mataki na 6 kai da duk abokin da ke cikin ƙafa 10 kuna ɗora makin kwarjininka a kowane jifan tsira, wato jifan da ake yi don kuɓuta daga sihiri ko wani haɗari. Wanda ya fice a 2 ya bar wannan, ya bar sara na biyu, ya zama Sosara mai sulke da ke tsaye a gaba da ƙaramin jini.

Maisulke:
Malam, wanne ya kamata a fara da shi? Ko duk ɗaya ne?

Malam Alƙalami:
Ba ɗaya ba ne ko kusa. Aji na farko shi kaɗai ke ba ka ƙwarewar jifan tsira. Mayaƙi: ƙarfi da juriya. Sosara: juriya da kwarjini. Wizad: basira da hikima. Faladin, Kilerik da Wolok: hikima da kwarjini.

Juriya ce ke riƙe maka sihirin da ke buƙatar natsuwa. Duk bugun da ka sha sai ka jefa, kana neman 10 ko rabin ɓarnar, wanda ya fi yawa. Juriya 14 ba ƙwarewa, +2 ne, kana buƙatar 8 zuwa sama, kashi 65 cikin 100. Da ƙwarewa a jimillar 5, +5 ne, 5 zuwa sama, kashi 80. A faɗa ɗaya ana iya jefa wannan sau uku ko huɗu, sai bambancin ya fito fili. Amma wanda ya fara da Mayaƙi ya rasa hikima, kuma da ita ake tsira daga Hold Person da makamantansa. Ciniki ne.

Sulke mai nauyi ma haka. In ka fara da Mayaƙi ko Faladin kana da shi. In daga baya ka shiga, iyakarka marar nauyi, matsakaici, garkuwa da makamai. Sihiri kuma ba ya fita daga wanda ya sa sulken da bai ƙware a kansa ba. Rog na ba da fasaha huɗu ga wanda ya fara da shi, ɗaya tak ga baƙo.

Jini, wato makin rai, shi ne ake zuzutawa a banza. Mayaƙi sannan Wizad: 10 da 4, 14. Wizad sannan Mayaƙi: 6 da 6, 12. Biyu ne kawai tsakaninsu.

Gwanin Garkuwa:
Ƙari kan sulke. Cikakken sulken ƙarfe na ba da kariya 18, kuɗinsa zinari 1,500, kuma in ƙarfinka bai kai 15 ba gudunka na raguwa da ƙafa 10. Na sarƙa 16 ne, ƙarfi 13. Wizad da ya tsoma a Kilerik 1 na reshen Life ko Tempest (reshe shi ne ɓangaren da ake zaɓa a cikin aji) a 2014 yana samun sulke mai nauyi ba tare da gurabensa sun yi baya ba, amma da ƙarfi 8 zai riƙa jan ƙafa a bayan tawaga, sai in Dwarf ne, su nauyin sulke ba ya rage musu gudu. Sau da yawa matsakaicin sulke da zafin nama 14 da garkuwa sun wadatar.

Sai hannu. Takobi a dama, garkuwa a hagu, da me za ka yi ishara? Tambarin da ke jikin garkuwa na aiki ne ga sihirin Kilerik da Faladin kawai, Shield na Sosara na son hannu a sake. Ko ka ɗauki War Caster, gwanintar da ke ba ka damar yin ishara da makami a hannu, ko ka riƙa mayar da takobi kube.

Abubuwan da ba sa taruwa: sara na biyu daga aji biyu, Mayaƙi 5 Barbariyan 5 biyu yake yi, alhali Mayaƙi 11 uku. Kariyar marar sulke ta Monk da ta Barbariyan, wadda ka fara samu ita ce taka. Fushin Barbariyan kuma ba a jefa sihiri a cikinsa, ba a riƙe natsuwa.

Baban Lido:
Duk da haka fushin na da abokai biyu. Barbariyan 2 da Rog: ka riƙe siririn takobi amma ka sara da ƙarfi, Reckless Attack na Barbariyan ya ba ka jifa biyu ka zaɓi babba, wannan ya buɗe maka saran ɓoye, ƙarin ɓarnar Rog, kowane juyi ba sai aboki na kusa ba. Farashinsa, maƙiya su ma jifa biyu suke yi a kanka har juyinka ya dawo.

Na biyu Durwid 2 na reshen Wata, mai rikiɗa ya zama dabba, da Barbariyan 1. Beyar mai jini 34 da ke shan rabin sara da suka da duka, a matakan farko da wuya a kayar da shi. Matsalar, fushi da rikiɗa duk ƙaramin aiki ne, juyi biyu kenan. Ka fara da fushi, ka kai hari a juyin don kada ya huce, sannan ka rikiɗa. Kuma dabba mafi girma sai Durwid 6, kowane tsomi na ƙara nisan wurin.

Hajiya Takwas:
Duk abin da ke sama na 2014 ne, masu sabon littafi ku yi hattara. A 2024 kowane aji sai mataki na 3 yake zaɓar reshe, don haka tsomin Kilerik 1 don reshe ya mutu, amma Divine Order a mataki na 1 na ba da sulke mai nauyi ga wanda ya zaɓi zama mai kariya. Hexblade, reshen Wolok na littafin Xanathar na 2017, wanda ake shiga mataki ɗaya don a riƙa sara da kwarjini, Pact of the Blade ya maye gurbinsa, ana iya ɗaukarsa tun Wolok 1. Divine Smite ya koma sihiri mai cin ƙaramin aiki, sau ɗaya a juyi, kuma yana karo da gaggautawar Sosara. Action Surge na Mayaƙi 2, mai ƙara maka babban aiki guda a juyi, ba ya ba da damar aikin sihiri, gurbi ɗaya kuma ake kashewa a juyi don jefa sihiri, wato Fireball biyu a jere sun zama tarihi. Rabin Faladin da Renja yanzu sama ake cika shi.

Ɗan Kwarjini:
Masu zuwa daga wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 ma a ja musu kunne. A can babu sharaɗin 13, iyakar mataki 12 ne, kuma da zinari 100 wani da ke cikin wasan mai suna Withers zai warware maka gini ka sake daga farko. A tebur sai abin da mai jan wasa ya yarda.

Maisulke:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, Faladin da Wolok da maki 27, yaya za a raba?

Gwanin Garkuwa:
In cikakken sulke kake so: ƙarfi 15, kwarjini 15, juriya 14, hikima 10, zafin nama 8, basira 8. Tara, tara, bakwai, biyu, 27 cif. Ka fara da Faladin saboda sulken. Ƙarin da jinsi ko asali ya ba ka, biyu a kwarjini, ɗaya a juriya ko a bar shi ya cike lamba mai mara. In za ka haƙura da sulken sarƙa, sauke ƙarfi zuwa 13, ka mayar da maki huɗun juriya 15 da hikima 12. Kada ka sauka ƙasa da 13, in ba haka ba ƙofar fita daga Faladin ta rufe. Wolok ɗin kuma ko a mataki na 2, ka haƙura sara na biyu ya zo a jimillar 6, ko ka jira sai bayan Faladin 6.